Jawabin maraba ga Mai girma Ministan Lafiya yayin ziyararsa a ɗakin binciken ƙwayoyin cuta, Yamai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, ranka shi daɗe, manyan baƙi ƴan rakiya, likitoci, malamai da ɗalibai. A madadin ma'aikatan wannan ɗakin bincike muna yi maka barka da zuwa, da godiya da ka tsakuro mana lokaci duk da aikin da ke gabanka. Kafin ka zagaya, muna so mu gabatar maka da abin da muke sa wa ido kullum: yadda bakteriya take raba kuromozom ɗinta, wato zaren da ke ɗauke da gadonta, kafin ta tsage ta zama ƙwaya biyu. A daidai wannan gaɓa ce wasu magungunan da asibitocinmu suka dogara da su suke kama ƙwayar cuta.

Mu ɗauki E. coli, wadda ke kan gaba wajen haddasa ciwon mafitsara. Tsawonta mikromita 2 ne ko kusa da haka, kuma sai an tara mikromita 1000 ake samun milimita guda. Kuromozom ɗinta ɗaya ne, zoben ADN, sinadarin da aka rubuta gado a kansa, mai harufa miliyan 4 da dubu 600, wanda in an miƙe shi zai kai milimita ɗaya da rabi. Kwafinsa yana farawa daga wuri guda, oriC, ya bi dama da hagu, kowane hannu da harufa kusan 1000 a daƙiƙa, su gamu a ɗaya gefen bayan minti 40. Amma in ta samu abinci da ɗumin digiri 37, ƙwayar tana rabuwa duk minti 20. Masu bincike Cooper da Helmstetter suka warware wannan a 1968: sabon kwafi yana tashi tun na farko bai ƙare ba. Saboda haka ba ta jiran a gama, ana kwafi ana rabawa.

A 1963 Jacob, Brenner da Cuzin sun yi tsammanin kwafin biyu suna maƙale a fatar ƙwayar, girmanta ne ke nisanta su. Da aka samu hanyar sa wa oriC alama mai haske, sai aka ga yana tafiya da saurin da ya fi na girman ƙwayar. Ashe akwai mai jan sa. A Vibrio cholerae, mai kawo amai da gudawa, furotin ParB yana zama kan wani gurbi, parS, kusa da mafarin kwafi. ParA kuma yana shimfiɗe bisa ADN. Duk inda ParB ya taɓa sai ya kakkaɓe ParA, ya matsa gaba inda ParA ya fi yawa, da haka har ya kai sabon kwafin can ƙarshen ƙwayar. Vibrio kuromozom biyu gare ta, kowane da nasa tsarin. E. coli ba ta da wannan, furotin MukBEF ne ke nannaɗe mata kowane kwafi daban. In aka lalata shi, ana samun ƴaƴan da ba su da ADN ko kaɗan.

Ranka shi daɗe, wahalar tana ƙarshe. Duk wanda ya taɓa warware igiyar kaba mai tufka biyu ya san gaba yana ƙara murɗewa har ya ƙulle. Haka ADN yake yi, kuma wata furotin mai suna jiraz ce ke yanke shi, ta sassauta, ta sake ɗinkewa. In an gama kwafi, zoben biyu suna fitowa sarƙe da juna, sai wata furotin, topo'izomeraz IV, ta yanke ɗaya, ta zura ɗayan, ta rufe. Wani lokaci ma, a kusan ƙwaya 15 cikin 100, zoben biyu kan haɗe su zama babba guda. Nan furotin FtsK yake janyo wani gurbi na ADN mai suna dif zuwa tsakiya, XerC da XerD su yanke su raba. Zoben furotin FtsZ shi ke tsuke cikin ƙwayar, amma SlmA yana hana shi kafuwa a kan ADN, furotin Min kuma suna korar sa daga gefuna. In wannan tsaro ya kuskure, bango ya sauko ya datse kuromozom.

Siprofuloksasin, da ake kira sipro, yana jira ne sai jiraz ko topo'izomeraz IV ta yanke ADN, ya riƙe ta a nan, yankan ya ƙi rufuwa. Ƙwayar ta daina rabuwa amma tana ci gaba da tsawo. Za ka gan su a madubin ƙara girma na farko: waɗanda ba su sha magani ba gajeru ne, waɗanda suka sha sun zama dogayen zare. Ana ba da wannan magani ga makusantan mai sanƙarau, ɗan'uwansa lebofuloksasin kuma yana cikin maganin tarin fuka mai taurin kai.

Abin da ke hana mu barci shi ne, harafi ɗaya in ya sauya a gyrA, sashen ADN da ake ƙera jiraz da shi, a gurbi na 83, maganin ya rage kamu. In aka ƙara wani a parC, na topo'izomeraz IV, gurbi na 80, sai ya kusa zama banza. Ƙwayar magani biyu ko uku da aka saya a tebur cikin kasuwa, aka sha aka bari, ba su gamawa da cutar, masu wannan sauyi suke bar wa fili.

Gano su ba ya buƙatar babban inji. Ana dama ƙwayar har kaurinta ya kai 0,5 a ma'aunin McFarland, a shafa kan faranti na Mueller-Hinton mai kaurin milimita 4, a ɗora ɗan faifan takarda mai ɗauke da sipro mikrogram 5, a bar shi awa 16 zuwa 20 a digiri 35, sannan a auna da'irar da ƙwaya ba ta tsiro ba. Faranti in ya yi kauri, da'irar ta ƙanƙance, a ce magani ba ya ci alhali yana ci. Faifan da ya sha zafi ko laima ma haka yake ruɗar da mai aiki.

Roƙonmu ke nan, Mai girma Minista: a wadata asibitocin jihohi da faifan gwaji, da firij mai aiki da hasken rana, da ma'aikatan da aka horar, kuma a tsananta kan sayar da sipro ba da takardar likita ba. Allah shi taimake ka, shi yi maka jagora. Bismillah, a ƙarasa ciki.