In Ba Ka Zo Ba, Wa Zai Neme Ka?

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare a ɗakin kwanan ɗalibai. Kowa ya yi barci sai mutum ɗaya. Ya lallaɓa banɗaki, ya dawo yana tauna cingam don kada a ji warin abin da ya sha. Da safe shi ne a sahun gaba wurin addu'a, kuma babu wanda ya san halin da yake ciki.

Jami'ar da yake karatu ta cocin Adventist ce, masu ibada ranar Asabar. Cocin ya kafu a 1863 a Amurka, kuma tun farko ya yi hani da giya da taba. Jami'o'insa, daga Andrews a jihar Michigan zuwa Babcock a Ilishan-Remo ta jihar Ogun, duk a kan wannan doka suke. Dokar tana kare ɗalibai da yawa. Amma wanda ya riga ya kamu fa? Tsoron kora da kunyar iyaye sai su rufe masa baki, shaye-shaye kuwa ba abin da yake so kamar ɓoyo.

Shi ya sa ake kafa ƙananan ƙungiyoyi. Mutum shida, ko takwas, su zauna a zagaye duk mako, a ajiye waya gefe. Sharaɗin farko: abin da aka faɗa a nan, a nan ya tsaya. Wani ya ce jarrabawa ta hana shi barci. Wata ta ce kewar gida ta dame ta. Sai a mako na huɗu ko na biyar ɗalibin namu ya sunkuyar da kai ya ce, "Yau kwanana tara ban taɓa ba." Ba wanda ya yi masa wa'azi. Na kusa da shi ya dafa kafaɗarsa.

Dabarar ta daɗe. A farkon shekarun 1960, likita Wayne McFarland da fasto Elman Folkenberg sun yaɗa shirin daina shan taba na kwana biyar, inda ake haɗa kowa da abokin da zai riƙa tuntuɓarsa. A 1997 wani babban bincike kan matasan Amurka ya nuna cewa yaran da ke jin shaƙuwa da iyayensu da makarantarsu sun fi tsira daga shaye-shaye. A kan wannan fahimta shirin cocin na matasa, Youth Alive, yake tafiya da ƙungiyoyin abota.

A fahimce ni da kyau, ƙungiya ba asibiti ba ce. Wanda jikinsa ke rawa in bai sha ba yana bukatar likita, kuma jagora nagari shi zai fara raka shi can.

Amma ranar da ya zame ya koma ruwa, ya ƙi zuwa taro don kunya, mutum bakwai sun ga kujerarsa ba kowa. Kafin a kashe fitila, biyu daga cikinsu suna ƙwanƙwasa masa ƙofa.