Jirgin Tseren da Jikinsa Kaf Lagireto Ne

Ga labarin wani jirgin sama na tsere. Ko taya ɗaya ba shi da ita, sai dogayen kwale-kwale biyu a ƙarƙashinsa. Supermarine S.6B ke nan, na sojojin saman Birtaniya, wanda aka ƙera don gasar kofin Schneider ta 1931, wato tseren jiragen sama masu tashi daga kan ruwa.

To me ya kai jirgin tsere kan ruwa? Fukafukansa ƙanana ne, farfelarsa kuma an saita ta don tsananin gudu kaɗai, saboda haka sai ya daɗe yana sheƙawa kafin ya ɗaga. Filayen jirgi na zamanin gajeru ne, teku kuwa ba ta ƙarewa.

A Monako aka fara gasar a 1913, daga baya sojoji suka mamaye ta. Jimmy Doolittle na Amurka ya ci a 1925, Italiya ta karɓe a 1926, sai Birtaniya a 1927 da 1929. Saura nasara ɗaya ta riƙe kofin har abada, gwamnati ta ce ba kuɗi. Wata attajira, Lady Houston, ce ta ajiye fam 100,000.

Babban ciwon kan mai zana jirgin, R.J. Mitchell, shi ne zafi. Injin Rolls-Royce mai ƙarfin doki 2,350 wuta yake fitarwa kamar maƙera, kuma duk makaniki ya san abin da ke biyo baya idan ruwan inji ya tafasa. Idan ya rataya lagireto a waje, iska za ta riƙe jirgin. Sai ya yi wa fukafukan fata biyu, ruwan inji yana ratsa tsakaninsu yana hucewa. Haka ya yi wa saman kwale-kwalen. Baƙin mai kuma ya bi bututu ta gefen jirgin har wutsiya, ya dawo.

Fetur fa? Cikin kwale-kwalen yake, kuma na dama ya fi ɗauka, domin juyin farfela na danna na hagu cikin ruwa wajen tashi.

Ranar gasar Faransa da Italiya ba su shirya ba, matuƙin Birtaniya John Boothman ya yi ta zagaye shi kaɗai. Nasara ce, amma ba armashi. Bayan mako biyu George Stainforth ya haura kilomita 655 a awa da irin wannan jirgi. A 1936 wani sabon jirgin Mitchell ya tashi, mai taya, jirgin yaƙi mai suna Spitfire.