Amsoshin Tambayoyinku: Tsofaffin finafinan fashin jirgin sama, ina gaskiya, ina ƙari?

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan makon duk kan abu guda suka zo, wato tsofaffin finafinan nan na fashin jirgin sama da aka sha kallo a kaset da gidajen kallo.

Ta farko daga wani malami ce a Damagaram. Ya ce: "Me ya sa aka yi ta fitar da irin waɗannan finafinai a Amurka daga 1970, kuma mene ne abin yabo a cikinsu?"

To malam, zamanin ne ya haife su. Tsakanin 1968 da 1972 an yi fashin jirage fiye da 130 a Amurka, akasarinsu aka karkatar da su zuwa Kuba. A lokacin mutum zai sayi tikiti ya wuce har cikin jirgi ba wanda ya buɗe jakarsa. Sai a watan Janairun 1973 aka wajabta binciken kowane fasinja da kayan hannunsa. Don haka mai kallo na wancan lokaci abin da yake tsoro a zuciyarsa ne ake nuna masa a majigi.

Fim ɗin da ya buɗe ƙofar shi ne Airport na 1970, wanda aka ɗauko daga littafin Arthur Hailey. Ba fashi ba ne kai tsaye: wani magidanci ne da talauci ya yi wa katutu ya sayi inshorar rai a filin jirgi, ya shiga Boeing 707 da bam a cikin 'yar jakar hannu, don matarsa ta ci kuɗin bayan mutuwarsa. Dubi yadda aka nuna shi. Yana zaune ya ƙanƙame jakar a cinya, gumi na keto masa, yatsansa kusa da ɗan zaren da zai ja. Ba ya ihu, ba ya zare ido. Wannan haƙurin na barin tsoro ya taru a hankali shi ne babban abin yabon finafinan farko. Na biyu, sun mutunta aiki. Za ka ga mutum uku a ɗakin matuƙa, kyaftin da mataimakinsa da injiniyan jirgi, kamar yadda 707 yake a gaske. Za ka ji jami'in na'urar hango jirage yana bai wa matuƙi umarni daki-daki har ya sauka cikin dusar ƙanƙara. Ga kuma makanikai a ƙasa suna fama da wani jirgin da ya kafe ya tare titin sauka. Skyjacked na 1972, inda Charlton Heston ya fito a matuƙi, shi ma ya bi wannan sawun: saƙon barazana da jan-baki a madubin bayan gida, ma'aikata suna bin umarnin ɗan fashin, suna sayen lokaci. Haka kuwa ake koya wa ma'aikatan jirgi a wancan zamani, a lallaɓa, a sauke jirgi lafiya, a bar wa hukuma sauran.

Wata baiwar Allah daga Kumasi ta ce: "Da gaske ne harsashi ɗaya zai iya fasa jirgi iska ta zuƙe kowa waje? Kuma ana iya buɗe ƙofa a sama?"

Hajiya, a nan ne finafinan suka fi zuba ƙari. Jirgi yana tafiya a kusan ƙafa 35,000, amma ana cusa iska a cikinsa yadda jikinki zai ji kamar kina ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Iskar nan ba a kulle take ba kamar a gwangwani. Kullum sabuwa na shiga, tsohuwa na fita ta wata mafita da ke buɗewa da rufewa a jikin jirgin, kuma bakinta ya ninka ramin harsashi nesa ba kusa ba. Idan harsashi ya huda bango, mafitar sai ta ɗan tsuke, matsin iskar ya daidaita. Haɗarin harsashi na gaske shi ne ya sami mutum, ko wayoyin lantarki, ko bututun man da ke motsa fukafukai.

Taga kuma wani zance ne daban. Idan ta fita gaba ɗaya, wanda ke kusa da ita yana cikin haɗari, kuma an taɓa rasa rayuka ta haka. Amma guguwar ta 'yan daƙiƙu ce, da iskar ciki da ta waje sun daidaita shi ke nan, ba minti biyar ana ta shawagi da kujeru ba. Abin da ke kisa a ɓoye shi ne rashin iskar shaƙa. A wancan tsayin, cikin daƙiƙa 30 zuwa 60 hankali ke gushewa. Shi ya sa ake cewa ki fara sa wa kanki abin shaƙar iska kafin ki sa wa ɗanki. Iskar da yake bayarwa ta kamar minti 12 zuwa 15 ce, daidai yadda matuƙi zai gangaro da jirgi zuwa ƙafa 10,000.

Ƙofa kuwa ba ta buɗuwa a can sama. Matsin iskar ciki ne ke danne ta a mazauninta, nauyin da ya haura tan 5 a kan kowace murabba'in mita. Mutumin da ake kira D.B. Cooper, wanda ya dira da lema daga Boeing 727 a watan Nuwamban 1971 ɗauke da dala 200,000, ya san haka. Ya sa matuƙan su tsaya a ƙafa 10,000, a hankali, ba tare da matse iskar ciki ba, sannan ya yi amfani da matakalar bayan jirgin. Bayan nan aka sa wa irin jirgin wani ɗan ƙarfe da iska ke juyawa ya kulle matakalar muddin ana tafiya.

Wani matashi daga Kano ya tambayi Airport '77, inda ɓarayin kayan tarihi suka sace Boeing 747, ya faɗa teku ya nutse, fasinjoji suna raye a ciki suna jiran ceto. Ya ce zai yiwu?

Da kamar wuya ƙwarai. An ƙera gangar jirgi ne don ta riƙe matsi daga ciki zuwa waje. Ruwa kuwa daga waje yake dannowa, ga ƙofofin kaya da mafitar iska da zai bi ya shiga. Abin da ke faruwa a gaske ya fi haka ɗaci. A ranar 23 ga Nuwamban 1996 wasu mutum uku suka yi fashin Boeing 767 na kamfanin jiragen Habasha, suka nace sai an kai su Ostareliya, alhali man da ke ciki ba zai kai ba. Mai ya ƙare, jirgin ya faɗa ruwa kusa da tsibiran Komoros ya kakkarye, mutum 125 cikin 175 suka rasu. Da yawa sun hura rigar ceto tun suna ciki, ruwa ya ɗaga su ya manna da rufi, suka kasa fita. Ba a hura rigar nan sai an fita daga jirgi. Wannan darasin ya fi duk abin da fim ɗin ya nuna amfani.

Wasiƙa ta ƙarshe daga Maradi take. Mai ita ya ce: "Me ya sa kullum jarumi ne ke kashe bos ya ceci kowa, kuma me ya sa bos ɗin yawanci Balarabe ne?"

Wannan aibin ya fi na harsashi da ƙofa nauyi a wurinmu. Bayan Entebbe ne salon ya juya. A Yulin 1976 sojojin Isra'ila suka kuɓutar da fasinjojin jirgin Air France a filin jirgin Entebbe da ke Yuganda, kuma kafin shekara ta zagayo an yi finafinai uku a kai. Daga nan masu shirya fim suka kama cewa farmaki shi ne ƙarshen da ke sayuwa. The Delta Force na 1986 ya ɗauko labarin jirgin kamfanin TWA na Amurka da aka yi fashinsa a Yunin 1985 aka yi ta kai da komo da shi tsakanin Beirut da Aljiyas. A fim, Chuck Norris ne ya gama da 'yan fashin da babur mai harba roka. A gaske, an kashe wani sojan ruwan Amurka ɗaya, sauran fasinjojin kuwa ta hanyar tattaunawa aka sako su, na ƙarshensu bayan kwana 17. Wadda ta fi kowa jarumta a jirgin ma'aikaciya ce, Uli Derickson, da ta yi ta kwantar da hankalin 'yan fashin da Jamusanci, har ta biya kuɗin man jirgin da katinta. Shugaban 'yan fashin a fim ɗin kuma Ba'amurke ne, Robert Forster, aka yi masa shiga da kwalliya ya zama Balarabe mai zare ido. Irin wannan hoton, da aka yi ta maimaita shi, ya bar tabo a yadda ake kallon Larabawa da Musulmi.

Abin da ba su cika nunawa ba shi ne farmakin da ya ɓaci. A Nuwamban 1985, a Malta, sojojin Masar sun kutsa jirgin EgyptAir da aka yi fashinsa, wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka mutu. Ko a nan gida an ga yadda abin yake. A ranar 25 ga Oktoban 1993 wasu samari huɗu, don nuna adawa da soke zaɓen 12 ga Yuni, suka karkatar da Airbus A310 na Nigeria Airways da ya taso daga Legas zuwa Abuja, ƙarancin mai ya sa aka sauka a Yamai. An saki yawancin fasinjojin tun da wuri, aka shafe kwana uku ana magana da samarin, sannan jami'an tsaron Nijar suka shiga da dare suka kama su. Ma'aikacin jirgin ɗaya ya rasa ransa a wannan farmakin.