Tukwici a Amurka haƙƙi ne: lacca ga ɗalibai masu shirin tafiya karatu

Assalamu alaikum. Na can baya, kuna ji na? To madalla. An ce in yi muku bayanin abincin Amurkawa da al'adunsu cikin minti ashirin, alhali ni shekara bakwai na yi a cikinsu kuma har na dawo suna ba ni mamaki. Abu biyar na rubuto a takardar nan. Allah Ya sa mu kai na biyar.

Na farko, yawan abinci. Faranti ɗaya na gidan abinci zai ƙosar da mutum biyu. Kada ka fasa cikinka don gudun almubazzaranci, ka ce a ba ka kwali ka juye ragowar ka tafi da ita gida, farfesanka ma haka yake yi. Ruwa kyauta ne, sai dai za a cika maka kofi da ƙanƙara ko da kana rawar ɗari.

Na biyu, tukwici. Nan kam ku ajiye wayoyin nan. A wajenmu tukwici na ɗan aike ne: an aiko yaro da kwano, ka ba shi ɗan wani abu, in babu ka sa masa albarka, shi ke nan. Da wannan tunanin na sauka jihar Ohio. Sati na biyu muka shiga wani gidan abinci, aka kawo lissafi dala 20, na ajiye dala 20 cif, na bi matar da ta yi mana hidima da godiya irin ta gida, har da addu'a. (Dariya.) Muna fita wani abokina ɗan Gana ya ce yana zuwa, ya yi mantuwa. Ashe komawa ya yi ya ajiye mata dala 4, ya rufa mini asiri.

A mota ya warware mini. Mafi ƙarancin albashi a dokar tarayya dala 7.25 ne a awa, tun 2009 yana nan. Amma mai aikin da ke karɓar tukwici, doka ta yarda a biya shi dala 2.13 a awa, wannan kuma tun 1991 bai motsa ba. Dala biyu da ɗoriya, jama'a, a awa! Dokar ta ce in tukwici bai kai shi 7.25 ba maigidan ya cika masa, wasu jihohin kuma irin Kalifoniya cikakken albashi suke biya. Amma a jihohi da yawa, matar nan da ke ta kai-komo tana yi maka murmushi, kuɗin hayarta na cikin abin da ka bari a tebur. Kai kana ganin alheri ne in ka ga dama, ita kuwa ladan guminta ne ka hana.

Nawa ake bayarwa? Kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Lissafin ba wuya: abincin dala 30, kashi goma dala 3, ka ninka, dala 6. Kai mai jar hula, na dala 45 fa? Tara, ka ci. Mai aski, direban tasi, mai kawo abinci har ƙofa, duk haka. Inda za ka tsaya a layi ka karɓi abinka da kanka, kamar McDonald's, ba dole. In aljihu ba nauyi, can za ka nufa. Na sake faɗa, in ba ka da na tukwici, ba ka da na zama a tebur.

Kuma kuɗin da ka gani a jikin kaya ba shi za ka biya ba, sai an je wajen biya a ɗora haraji, in ba a jihohi kaɗan irin Oregon da Delaware ba. Tayi kuma babu.

Na uku... ko harajin ne na uku? To na huɗu, gaisuwa. In Ba'amurke ya tambaye ka lafiya, bai tsaya ba, kai ma kada ka tsaya kana tambayar iyali da gajiya. Ba a zuwa gidan mutum sai an yi waya. In an gayyace ka bikin Ranar Godiya, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, ka je, talotalo za a gasa, ka riƙe ɗan abu a hannu. Shugaba Lincoln ne ya ayyana ta ga ƙasa baki ɗaya a 1863. Ana ɗaga mini agogo. I, 'yar'uwa?

(Wata ɗaliba ta tambayi batun naman alade, da ko za a samu tuwo.)

Kin ga abin da ya kamata in fara da shi ke nan. Alade ba ya zuwa da sunansa. Jan naman nan mai faɗin kwabo da ake jerawa kan fiza, feferoni, akwai shi a ciki. Sukan barbaɗa shi soyayye a kan salak, sukan dafa wake da shi. Ki tambaya, ba sa jin haushi, sun saba da masu cewa abu kaza ba na ci. Mahautan halal kuwa akwai su a manyan birane, garin Dearborn a Michigan ma sai kin zaɓa.

Tuwo kuma, garin masara na kowane kanti, muciya kawai za ki saka a akwati. Kuɓewa ma akwai. A Luwiziyana suna wata miya da ita, gumbo. Wake mai baƙin hanci kuwa, a kudancin ƙasar ranar sabuwar shekara sai sun dafa shi da shinkafa, wai yana kawo arziki. Kuɓewar da waken duk daga Afirka suka ƙetara zamanin cinikin bayi. Ranar da aka fara zuba mini, na dubi farantin na ce wannan ai garau-garau ne, ina mai da yaji? Shi ma sai da na tambaya ko an sa alade. An sa.

Daddawa ce dai za ta ba ki wuya, kuma duk abincin da kika ɗauko ki bayyana shi ga jami'an kwastan a filin jirgi. Kilishi kada ma ki fara, ƙwacewa za a yi. Na biyar ɗin, wanda ya matsu ya same ni a waje bayan salla.