Daga 'Yankaba Zuwa Tukunya: Ɗoɗɗoya da Mangwaron Bazara

Auta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ni da Yaya mun yi babbar baƙuwa, Goggonmu ce da kanta, ga kwandonta nan a gabanmu. Goggo, ina kwana? Ƙamshin nan fa ya cika ɗaki.

Goggo: Lafiya lau, 'yan nan. Ɗoɗɗoya ce da na'a-na'a. Ana idar da sallar asuba na nufi kasuwar 'Yankaba ta nan Kano, don ganye ba ya jiran rana. Kafin hantsi ya dubi ludayi ya fara yaushi.

Yaya: To Goggo, yaya kike gane na yau da wanda ya kwana? Duk da ruwa a jikinsu ake ganinsu.

Goggo: Juya ƙullin ka dubi gindin yankan. In fari ne da danshi, yau aka yanko shi. In ya yi baƙi, yayyafi kawai mai kaya ya yi masa. Sannan ka murza ganye ɗaya a yatsa ka sansana. Ɗoɗɗoya ta gari sai ka wanke hannu ƙamshin bai tafi ba.

Auta: Amma Goggo, wasu na cewa suna sa ta a farfesu ba sa jin komai.

Goggo: Tare da nama suke zuba ta, shi ya sa. Ai ba daddawa ba ce da ake so ta dahu. Sai kayan ciki sun yi luguf, kin kashe wuta, sannan ki yayyaga ta da hannu ki watsa, ki rufe tukunya minti 2. Shi ke nan.

Yaya: Ƙamshin wani ɗan mai ne a cikin ganyen, tururi ke tafiya da shi. Haka na'a-na'a a zoɓo, sai an sauke ake jefa ta. Sai dai a riƙa wanke ganye sosai da gishiri, musamman wanda za a ci ɗanye. Kayan Kadawa da Kura ruwan dam ɗin Tiga suke sha, amma wasu lambunan cikin gari da ruwan kwata ake ba su.

Auta: Ga mangwaro ma ya shigo. Jiya na bi ta kasuwar 'Yan Lemo a Na'ibawa, motocin Binuwai sai sauke kaya suke yi.

Yaya: A nan ne hankalina ba ya kwanciya. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta sha yin gargaɗi kan masu nunar da kaya da kabayid, sinadarin nan na masu walda. Yara ne fa suka fi shan mangwaro.

Goggo: Abin na ci mini rai, wallahi. Za ka ga fata rawaya shar, gwanin sha'awa, ka yanka ciki da tauri, ga tsami. Wanda ya nuna don kansa, kai shi hanci ta wajen tsinken, zaƙin za ka fara ji. Ni gara in jira irin mangwaron nan binta siga ta yi yawa a kasuwa, lokacin ta fi araha, ta fi zaƙi.

Auta: Wannan ɗanyen na cikin kwando fa, Goggo?

Goggo: Na kwaɗo ne. Ki dafa zogale ki matse, ki daka ƙuli-ƙuli da barkono, ki yanka albasa da tumatir. Maimakon lemon tsami, sai ki fere ɗanyen mangwaro ki goga shi sirara-sirara ki cakuɗa. Tsaminsa na kashe ɗacin zogalen, ga shi yana ƙaras-ƙaras a baki. Rabin mangwaro ya ishi kwano guda, in ya yi yawa haƙora za su mutu.

Yaya: Da sanyi kuwa lansir kike yi mana haka.

Goggo: Shi lokacinsa ya wuce, zafin nan ba ya barinsa. Auta, miƙo mini wuƙar can in fere wannan, ku ɗanɗana tun zogalen bai huce ba.