Lambar da sai kayi shekara 15 kana aikin agaji kyauta kafin a maƙala maka

Jama'a barkanmu da warhaka. Akwai wata 'yar lamba da ake kira Voluntary Medical Service Medal, a jikinta hoton mace ne da lulluɓi riƙe da fitila. Ba ta sojan da yaci yaƙi bace, ta 'yan sa-kai ce, masu ɗaure rauni da ɗaukar mara lafiya ba'a biyansu ko sisi.

A 1932 aka ƙirƙirota a Birtaniya, zamanin Sarki George na biyar, saboda 'yan agajin Red Cross da na ƙungiyar St Andrew's ta Sikotlan. Sharaɗinta ne yake taɓa min zuciya wallahi, ba wai kayi bajinta rana ɗaya kowa ya tafa maka ba, a'a, shekara 15 cur zakayi kana zuwa horo, kana tsayuwa a bakin taro cikin sanyi da jakar magani ko wani zai yanke jiki ya faɗi, alhali kana da naka aikin da iyalinka suna jiranka a gida. In ka ƙara shekara 5 sai a ƙara maka ɗan ƙarfe a jikin ƙyallen da ake rataya lambar, haka dai duk bayan shekara 5.

Fitilar nan kuwa ishara ce ga Florence Nightingale, ma'aikaciyar jinya 'yar Birtaniya, wadda ta tafi da mata 38 asibitin sojoji na Scutari a Turkiyya a 1854 lokacin yaƙin Kirimiya, tana zagaya majinyata cikin dare. Tana cikin na farko da suka samu lambar Royal Red Cross da Sarauniya Victoria ta kafa a 1883.

Bayan rasuwarta a 1910 sai taron Red Cross na duniya da akayi a Washington a 1912 ya yanke ayi wata lamba daban da sunanta, amma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya gitta, sai 1920 aka fara bayarwa. Duk shekara biyu ake yi, mutum 50 ne iyaka a duniya baki ɗaya, kuma ba nas-nas kaɗai ba harda mataimakan jinya na sa-kai. Maza ma sai 1991 aka buɗe musu ƙofa.

Kuma wannan lamba mai sunan Nightingale ta iso Najeriya fa. Kofoworola Abeni Pratt, wadda tayi karatun jinya a makarantar da Nightingale ta kafa a asibitin St Thomas na Landan, ta karɓeta a 1973.