Kafin ki kwashi yara ki nufi filin jirgi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka daga nan Manchester. Kun ga teburin nan: fasfo uku da takarda guda. Takardar ce maganar yau, tunda hutun makaranta ya matso, mata da yawa za su tafi gida da yara, maigida kuma yana nan bakin aiki.

Bari in matso muku da ita. Babansu ne ya rubuta cewa ya amince in fita da su. Ga sunan kowane yaro da lambar fasfonsa, ga ranar tafiya da ta dawowa, ga adireshin da za mu sauka a Kano, ga lambar wayarsa, ya sa hannu. A baya na maƙala kwafin fasfonsa.

Wata za ta ce, 'ya'yan da na haifa sai na nemi izini? To 'yar'uwa, a Ingila akwai dokar 1984: idan kika fitar da yaron da bai kai shekara 16 ba zuwa ƙasar waje, ba da yardar duk wanda doka ta ba haƙƙi a kansa ba, satar yaro suke kiranta, ko da ke kika yi naƙudarsa. Sai dai idan kotu ta yanke cewa a hannunki yake zaune, nan kina iya fita da shi har kwana 28 ba sai da izini ba.

Inda abin ya fi shafar mu shi ne suna. Da yawanmu ba ma canza suna bayan aure. Fasfona sunan babana ne a jiki, na yara kuma na babansu. Jami'in shige da fice ya duba, babu abin da ya haɗa mu a rubuce. Yakan ma sunkuya ya tambayi yaron, "Wace ce wannan?" Yaro kuwa idan barci ya cika masa ido, sai ya yi tsit yana kallonki. Shi ya sa nake riƙe takardar haihuwa, doguwar mai sunan uwa da uba, don gajeruwar ba ta nuna iyaye.

Idan kuma gwaggo ko kaka ce za ta tafi da yaro, yadda muka saba, ke da babansa duka ku sa hannu.

Ba kullum ake tambaya ba, gaskiya. Amma ki sa ta a jakar hannu, kar ta bi babban akwati, kuma ki gaya wa maigida ya bar wayarsa a kunne ranar.